Harshen Littafi da Harshen Bayani: Tafiyar Hausa a Makarantun Nijeriya da Nijar

Sa'ad da sojojin Ingila suka shiga Kano a watan Fabrairun 1903, suka zarce Sakkwato a watan Maris, ƙasar da suka ci ta daɗe da sanin allo da tawada. Ƙididdigar da gwamnatin Gwamna Lugga ta yi bayan 'yan shekaru ta nuna makarantun allo wajen 25,000 a Arewa, da almajirai fiye da 200,000. An sha kawo wannan adadi don nuna cewa ba a cikin jahilci Bature ya same mu ba, kuma haka ne. Amma akwai abin da adadin ba ya faɗa, wato yadda waɗannan makarantu suka raba aiki tsakanin harsuna.

Littafi na Larabci ne, bayani kuwa da Hausa ake yin sa. Yaro zai fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya yi ta wanke allo har ya sauke. In yana da rabon ci gaba sai ya koma zaure, ya ɗauko Ahalari, daga nan Ishmawi da Iziyya da Risala, masu nisa su kai Askari. Almajiri yana jan baƙi, malam yana bin sa gaɓa-gaɓa da fassara, kowace kalmar Larabci da abokiyarta ta Hausa, kamar yadda shi ma ya ji daga bakin malaminsa. Tsari ne da aka gada, yana da ƙa'idarsa da salonsa, har ya haifi wata irin Hausa ta malamai wadda kowa ke ganewa da ya ji ta a wurin tafsirin watan azumi. Malaman Barno ma suna da irin tasu: wani tsohon nau'in harshen Kanembu da ake kira Tarjumo, wanda aikinsa kawai warware Larabcin Alƙur'ani da littattafan ilimi. Babu malamin zaure da ya taɓa jin kunyar fassara wa almajirinsa karatu. Ai fassarar ita ce karatun.

Masu jihadin 1804 sun ƙara faɗaɗa wannan rabo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun rubuta manyan littattafansu da Larabci, domin malamai 'yan'uwansu suke yi wa magana. Da Shehu ya so isa ga makiyaya sai ya yi waƙa da Fulatanci, da ya fita wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi sai ya yi da harshen da mutanen wurin ke ji. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da harsunan uku duka, ta mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, ta kuma naɗa jajis masu kai karatu ga matan ƙauye, waɗanda aka sani da 'Yan Taru. Waƙar ajami ce littafin waɗannan mata, su haddace a Sakkwato ko Wurno, su koma gida su koyar. Duk da haka wasiƙar sarki zuwa ga sarki da Larabci take fita, alƙali kuma ya saurari ƙara da Hausa ya rubuta hukunci da Larabci. Harshen da ke kai mutum ga muƙami daban, wanda ake fahimtar da shi da shi daban.

Rubuta Hausa da haruffan Turawa ya girmi mulkin mallaka da shekaru kusan sittin. Wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Schön, wanda ya biyo ayarin binciken kogin Kwara na 1841, ya tattara kalmominta, ya fitar da nahawu a 1862 da ƙamus a 1876, alhali bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Babban malaminsa wani yaro ne, Dorugu, mutumin yankin Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami aka sayar a Barno. An 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarimu, har Tambutu, sannan ya raka shi Turai a 1855. A Ingila ya zauna da Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuma yana rubutawa. Dorugu ya dawo gida daga baya, ya ƙare rayuwarsa a Kano yana koyarwa a makarantar boko ta farko, ya rasu a 1912. Ba kasafai ake tunawa da shi ba, amma kaso mai yawa na Hausar boko ta farko daga bakin Badamagare ya fito.

Da mulki ya kafu, sai tambaya ta taso: da wane harshe za a tafiyar da ƙasar, da wane rubutu? Cikin Turawan akwai masu ganin a bar Larabci da ajami tunda su jama'a suka sani. Lugga ya zaɓi Hausa da haruffan boko, kuma shawarar Likita Mila, ɗan mishan ɗin da ya zauna Zariya daga 1905, ta yi tasiri a kansa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Jami'ansa ba su iya Larabci ba, koyonsa kuma aiki ne ja. Ba ya son kowace takarda ta bi ta hannun malamin da bai yarda da shi ba. Mila kuwa nasa burin shi ne raba Hausa da rubutun da ke ɗaure ta da Alƙur'ani. A rana ɗaya dubban mutanen da ke karatu da rubutu suka koma marasa ilimi a idon ofis.

Wanda ya gina makarantar da za ta ɗauki wannan manufa shi ne Hanns Vischer, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan, tsohon ɗan mishan da ya koma aikin gwamnati, wanda ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906. Kanawa suka sa masa suna Ɗan Hausa saboda jin harshen, gidansa na Nasarawa kuma har yau da sunan ake kiransa. A nan ya buɗe makaranta a 1909, da ajin malamai da na 'ya'yan sarakuna da na sana'a, ana koyar da lissafi da labarin ƙasa da awon gona da kiwon lafiya, duk da Hausa. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa.

Kada a ɗauka ƙaunar Hausa ce kaɗai ta jawo haka. Turawan Arewa sun ga abin da Turanci ya haifar a Legas: lauyoyi da 'yan jarida masu ja da gwamna a rubuce, da harshensa. Ba su son irin wannan a ƙasar sarakuna. Abin da En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, ke bukata shi ne malamin haraji, da malamin daji, da magatakardan hakimi, kuma Hausa ta ishe su. Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gidan waya da kamfanonin Turawa suka buɗe, dukkansu da Turanci suke aiki, sai aka ɗauko akawu daga Kudu aka zaunar da su Sabon Gari. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ita ce ƙofar Turanci, kuma ƙofa ce ƙunƙuntacciya, 'yan ƙalilan take ɗauka a shekara. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka fito. Zuwa farkon shekarun 1930 tsani ya daidaita: elementare da Hausa, midil da abin da ke sama da ita da Turanci. Wato rabon zaure ya dawo da sabuwar riga, Turanci ya hau kujerar Larabci, Hausa tana inda take.

Sai dai makarantar da ke koyarwa da Hausa tana bukatar abin karantawa, kuma a nan ne aka yi aikin da ya fi ƙarfin niyyar masu shi. An kafa Hukumar Fassara a ƙarshen shekarun 1920, ta koma Zariya, ta zama Hukumar Talifi a hannun Rupert East. East ya gane cewa fassarar littattafan kiwon lafiya da noma ba za ta sa kowa son karatu ba. Ya zaga garuruwa yana roƙon malaman boko su ƙago labari na kansu, abin da a lokacin ake gani kamar bai dace da malami ba, tunda tatsuniya ta mata da yara ce. Gasar 1933 ta fitar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. A 1934 ƙamus ɗin Bargery ya fito, wanda har yau ba a yi na biyunsa wajen yawan kalmomi ba. Aka kira Imam Zariya ya rubuta Magana Jari Ce don 'yan makaranta. A cikin waɗannan shekaru ne aka daina fama da ɗige-ɗige da alamomi, aka ɗauki haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. A watan Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Imam ne editanta. Gwamnati ta kafa ta don ta kashe jita-jitar Yaƙin Duniya na Biyu da ke tafe, amma wasiƙun masu karatu suka mayar da ita dandalin da talakan Arewa ya fara kai kukansa a rubuce.

Bayan yaƙi abin ya ƙara bunƙasa. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna tana muhawara da Hausa da Turanci, kundin mulkin Jihar kuma ya amince da haka. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu suka ɗauki waƙa, wadda tun zamanin Shehu take makamin wa'azi, suka shigar da ita siyasa.

Akwai ɓangaren wannan tarihi da mu Hausawa ba mu cika son tsayawa a kansa ba. Arewa ba ƙasar Hausa ce kaɗai ba, tana da harsuna ɗaruruwa, kuma Bature ya ga sauƙin ya koyi ɗaya ya mulki kowa da shi. Jami'in mulki sai ya ci jarrabawar Hausa kafin a ƙara masa girma. Hausa ce harshen bariki, ko daga wace ƙabila soja ya fito. 'Yan mishan da aka hana shiga masarautun Musulmi suka nufi Filato da kudancin Zariya da Bauci da Adamawa, suka tarar da harshe kusan a kowane tsauni, sai suka rungumi Hausa. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, kuma har yau manyan coci-coci na yankin da sunan Hausa ake kiransu, kamar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Ɗan Birom ko ɗan Angas da ya shiga aji ɗaya a lokacin, da harshen da ba na uwarsa ba aka tarbe shi, kafin a ɗora masa na uku. Tibi sun ƙi, suka riƙe harshensu a makaranta da coci, har da jaridarsu. Da Hukumar Willink ta zaga sauraron koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, tsoron mamayar Hausa da Fulani na cikin abin da ta fi ji a tsakiyar ƙasar. Wasu harsunan ma ba su kai ga yin kuka ba. Auyokanci da Teshenanci na ƙasar Jigawa ta yau sun mutu, da harshen Ajawa na Bauci, jikokin masu su Hausa suke yi. Fulanin birni, zuriyar waɗanda Shehu ya yi wa waƙa da Fulatanci, yawancinsu sai dai gaisuwa.

Tsallaken iyaka kuwa labarin ya sha bamban. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, Zinder ta zama hedikwatarsu har 1926 da suka koma Yamai. Su ba su yarda makaranta ta san wani harshe ban da nasu ba. Dokar da Gwamna Janar Carde ya sa wa hannu a Dakar a 1924 ta ce Faransanci kaɗai za a yi a makarantun Afirka ta Yamma da ke hannunsu, taron Birazabil na 1944 kuma ya sake jaddada haka. Yaron Maraɗi ko Tasawa da aka kai lakwal, wato makarantar boko, tun ranar farko mushe, wato malami, da Faransanci zai yi masa magana. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa sai a rataya masa sambol, wani ƙashi ko guntun katako, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa, domin wanda ya kwana da shi zai sha hukunci. Makarantun kansu kaɗan ne, mai son zurfi sai ya tafi makarantar William Ponty a Senegal. Da aka sami 'yanci a 1960, yaran da ke zuwa makaranta a Nijar ba su kai biyar cikin ɗari ba, kuma mafi yawan 'yan bokon daga yammacin ƙasar suka fito. Hausawa, da su ne mafi yawa, suka riƙe kasuwa da allo, suna sayen littattafan Zariya da Kano, kunnensu na kan rediyon Kaduna. A Nijeriya an yi Magana Jari Ce, a Nijar kuwa da Abdoulaye Mamani ya tashi rubuta labarin Sarauniyar Lugu a 1980, da Faransanci ya rubuta.

Har rubutun ma ya so ya rabu biyu. Bayan taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966, Nijar ta ɗauki wasu ƙa'idoji da suka saɓa wa na Zariya, sai a taron Yamai na 1980 aka daidaita mafi yawansu. Saura ɗan abin da ba a rasa ba: har yau Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Daga shekarun 1970 ƙasashen biyu suka shiga abin da zan kira zamanin alkawari. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Zinder a 1973, aka ƙara wasu da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Binciken da aka yi ta yi a kansu ya nuna yaransu sun fi na lakwal ɗin gargajiya fahimtar karatu, amma shekara da shekaru ana ce musu gwaji. Dokar ilimi ta 1998 ta sa harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa, dokar 2001 ta lissafa guda goma, jarrabawa dai tana nan da Faransanci. A Nijeriya, Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ile-Ife a 1970, aka koyar da yara komai da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran suka fi takwarorinsu, kuma ko a Turancin ba a bar su baya ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ɗauki rabin darasin: harshen uwa ko na muhalli a azuzuwan farko, Turanci daga baya. Kundin mulkin 1979, da na 1999 bayansa, suka ce Majalisar Tarayya za ta iya aiki da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya kamata. Ana nan ana jiran tanadin.

Abin da ya faru a aji shi ne, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwararo yara miliyoyi kafin a tanadi malamai da littattafai. Malamin da Turancinsa bai nuna ba ya rubuta darasi a allo da Turanci, ya juyo ya yi bayani da Hausa, in sufeto ya shigo ya koma Turanci. Bambancinsa da malamin zaure shi ne, shi wancan an koya masa yadda ake fassarar, wannan kuwa a ɓoye yake yi, kamar mai laifi. Makarantun kuɗi suka mayar da hana yin banakula abin talla, iyaye kuma suka biya, kuma ba za a ga laifinsu ba, tunda wanda bai ci Turanci a jarrabawar fita sakandare ba, ba shi ba jami'a. Abin mamaki, a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo mutum na iya rubuta kundin digirin digirgir da Hausa a kan Hausa, amma ɗan aji biyar ba shi da littafin lissafi da ita.

Masu karatun Hausa dai ba su jira gwamnati ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka cika gari, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suna bugawa da kuɗin aljihunsu, kuma mata da yawa da aka cire daga makaranta a kansu suka gyara karatunsu. Makarantun Islamiyya suka ci gaba da tsohon tsari a fili, nassi da Larabci, bayani da Hausa. Ajami kuwa ya yi ta ja da baya a hukumance, har aka cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007, ko da yake tsofaffi da mahaddata ba su daina rubuta wasiƙa da lissafin bashi da shi ba.

A ƙarshen Nuwamban 2022 Ministan Ilimi Adamu Adamu ya ba da sanarwar cewa Majalisar Zartarwa ta amince a koyar da harshen uwa duk shekara shida na firamare, wato abin da Ife ta gwada shekara hamsin baya. Shi kansa ya ce aiwatarwa sai an samar da littattafai da malamai. Ba a kai ga samar da su ba, a Nuwamban 2025 Minista Tunji Alausa ya soke manufar, ya ce Turanci ne harshen koyarwa daga rainon yara har jami'a, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa a yankunan da ke koyarwa da harshen gida. Hujjar tana da rauni. Waɗanda suka zauna jarrabawar fita sakandare a waɗannan shekaru sun bar firamare tun kafin a rubuta manufar, ba za ta ɗauki alhakin faɗuwarsu ba.

A cikin shekarar 2025 ɗin ce Nijar ta nufi wata fuskar. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Maris, kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a ƙarshen watan kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Turanci da Faransanci suka zama harsunan aiki, sauran harsuna tara aka kira su harsunan da ake magana da su a Nijar. An yi murna a Zinder, an yi a Kano. Sai dai Bazabarme da Buzu da Babarbare, waɗanda dokar 2001 ta jera harsunansu kafaɗa da kafaɗa da Hausa, suna da damar jin irin tsoron da aka kai wa Hukumar Willink. Kundin kuma bai zo da littafin kimiyya na sakandare da Hausa ba, bai zo da malamin da aka horar ya koyar da shi ba, kuma tsarin jarrabawar da ƙasar ta gada, tun daga ta ƙaramar sakandare har ta shiga Jami'ar Abdou Moumouni, da Faransanci aka gina shi.